Makullan Darakta

Mu gode wa Allah da ya bar mana Darakta a raye har muka gan shi da idanunmu. Irinsa ba sa zuwa biyu a ƙarni ɗaya, kuma ba mu muka faɗa ba, shi da kansa ya tabbatar mana, ga shi kuwa ba mutum ne mai son yabon kai ba sai in dole ta sa. Dolen ce dai take yawan sa shi. Masu baƙin ciki suna cewa wai bai taɓa zama darakta ba, wai ya yi ritaya ne yana mataimaki na biyu a sashen ajiyar kaya na wata ma'aikata, inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsaron kujeru da tsintsiya da kwalaben tawada. To, sai me? Ranar da aka yi masa walimar sallama wani ya yi tuntuɓen harshe ya kira shi Darakta, shi kuwa ba ya son kunyata mutum a bainar jama'a, sai ya riƙe sunan har yau.

Da ya bar aiki bai zauna ƙofar gida yana gyara wa masu wucewa tafiya ba kamar sauran tsofaffin ma'aikata. Gona ya kafa a bayan gari, ya gina gida a tsakiyarta, ya kwashi matarsa suka koma. A wani taron bita ya tsinci kalmar dorewa, ya kawo ta gida, kuma tun daga ranar ba ta huta ba. Gonarsa mai dorewa ce, tunaninsa mai dorewa ne, jawabinsa kuwa ya fi su duka dorewa.

Amma a faɗi gaskiya ko da a kan maƙiyi ne: gonar ta yi kyau. Akwai ɗakin kaji, akwai garken awaki, akwai tafkin kifi na siminti, ga rumfar dashe, ga jerin kayan lambu kore shar. Farantan sola suna ba inji wuta, yana jan ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa tanki. Kashin kaji yana tafiya ramin taki, takin yana ciyar da lambu, tsohon ruwan kifi yana shayar da shuka, ganyen da ya rage awaki su cinye, su ma su mayar da nasu kason. Duk baƙon da ya shigo, ko da tambayar hanya ya zo yi, sai an zagaya da shi.

"Ka ga nan?" in ji Darakta, yana nuna ramin taki da sandarsa. "A gonar nan ba a zubar da komai. Komai! Abin da jahili ya kira shara, ni sunansa arziki a wurina. Duk abin da ya gama aikinsa na farko, akwai aiki na biyu yana jiransa. Wannan ita ce falsafata, kuma ban ara a wurin kowa ba."

Abu ɗaya ne ya taho da shi daga tsohon ofis, wato imani da kwaɗon ƙofa. Ɗakin injin ruwa da kwaɗo. Siton abincin kaji da kwaɗo. Kan famfon tanki ma an yi masa ɗan akwatin ƙarfe an garƙame. Akwatin magungunan dabbobi, rumfar dashe, durom ɗin abincin kifi, har ɗakin da ake ajiye fartanya da shebur, kowanne da nasa. Makullan kuwa suna cikin wani ƙaton zobe a ƙugunsa, ba sa rabuwa da shi sai in zai shiga wanka, a nan ma rataye su yake a ƙusa inda ido zai kai. In yana tafiya tun daga nesa za ka ji kacau-kacau, kacau-kacau. Maƙwabta sun saba, da sun ji ƙarar ta bayan shinge sai su ɗaga murya su ce barka da warhaka Darakta, su yi sauri su duƙa kan aikinsu kafin amsar ta zama lacca.

Halitta ɗaya ce ta gagari tsarin, wata jar akuya da matarsa ta raɗa wa suna Gantali. Ba shingen da ba ta san raminsa ba. A kulle garke da yamma, da safe a same ta a gonar maƙwabci tana karin kumallo. Rabin ranar gidan yakan tafi wajen nemanta, domin ba ta kuka, ba ta amsa kira. Darakta ya ayyana ta a matsayin babbar maƙiyiyar dorewa, ya ƙara wa garken kwaɗo na biyu. Ita dai ta ci gaba da yawonta.

Ana nan sai jiki ya fara aiko da saƙo. Gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, baya ya ƙi miƙewa, likita ya hana shi ɗaukar ko bokitin ruwa. 'Ya'yansa duk suna birni, ba mai sha'awar warin taki. Babban ɗansa, wanda ba ya iya zagaye-zagaye, ya faɗa masa a waya.

"Baba, gonar nan kai ce ita. Ranar da ka kasa, ta kasa. Gari yana matsowa, gara a yanka ta filoti-filoti tun kana gani, ka dawo kusa da asibiti."

Wannan magana ta soki Darakta, kuma a nan ba abin dariya. Ya tsaya bakin tafki yana kallon kifayensa, ya hango buldoza tana ture rumfar dashe, ya hango shagon caji a kan ramin takinsa. Tsoro ya kama shi na gaske. Sai ya yi wa ɗan nasa rantsuwa cewa zai nemo matasa su raba gonar da shi, su riƙe ta a bayansa, kowa ya ga ko gonar mutum ɗaya ce.

Ya sa aka yi sanarwa a rediyo: ana neman matasa masu kishi, ba 'yan ƙwadago ba, abokan tarayya, waɗanda za a ba ɗaki da abinci da kaso cikin amfani, a kuma damƙa musu gobe a hannunsu. Matasa suka zo da yawa, domin zaman banza ya ishi kowa. Jarrabawar Darakta ba ta rubutu ba ce, ba ta riƙe fartanya ba ce. Ya tara su a rana ya fara ba su tarihin rayuwarsa daga ranar da aka yaye shi. Duk wanda ya yi hamma ya faɗi. Duk wanda ya duba waya ya faɗi. Wanda ya nemi izinin zagayawa bayan gida ba a ƙara ganinsa ba, da alama ya samu dabara.

Uku ne suka kai ƙarshe. Akwai wata budurwa da ta karanta kiwon lafiyar dabbobi ba ta samu aiki ba, wadda daga baya kowa ke kira Likita. Ita idonta na kan wata kaza mai ɗingishi a bayan Darakta, shi ya ɗauka shi take kallo da sha'awa. Akwai Dogo, mai gyaran janareta, wanda ya karkata kai yana sauraron wani tari da injin ruwa ke yi, Darakta ya ce bai taɓa ganin mai nutsuwa irinsa ba. Na ukun, Shiru, Allah ya yi masa baiwar barci ido buɗe.

"Abokan tarayyata," in ji Darakta, ya buɗe hannuwa, makullai suka amsa. "Daga yau gonar nan tamu ce. Ba nawa, ba naku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni ba shugaba ba ne, ɗan'uwa ne wanda Allah ya nufa ya fi ku sani."

Tarayyar ta fara washegari, kuma an raba ta bisa adalci: su aiki, shi makulli. In Likita za ta ba kaji abinci sai ta nemo shi, ya taka a hankali ya buɗe sito, ya tsaya ta ɗiba, ya rufe, ya ja kwaɗon ya ji ya kama. In Dogo zai tayar da inji sai ya jira Darakta ya gama shan shayi. Shiru, wanda ya zama gwanin lambu da zarar an daina yi masa jawabi, yakan tsaya da tiyo a hannu gaban famfon da ke cikin akwati, shuka na yaushi, yana jiran kacau-kacau. Kowane buɗi kuma da kuɗinsa, ba na aljihu ba, na kunne.

Wata rana Likita ta yi ƙarfin hali. "Baba, da za ka bar mini makullin akwatin magani kawai. In kaza ta kamu da ciwo ba ta jiran mutum ya tashi daga barcin rana."

Darakta ya yi murmushin tausayi. "'Yata, makulli ba ƙarfe ba ne, amana ce. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Zan ba ku, ai don ku nake riƙe da su. Sai dai komai da lokacinsa."

Matarsa, wadda matasan ke kira Mama, tana tsinke ganye a gefe ba ta ɗago ba. "Baban yara, lokacin nan naka tun ina amarya ake jiransa. Ko makullin kabad ɗin sukari ban gani ba."

Ya yi kamar da kaji take.

Sai ga gayyata ta zo daga babban birni. Wata ƙungiya ta shirya taron ƙara wa juna sani a kan miƙa noma ga sabon jini, wani babban baƙo ya fasa zuwa, aka tuna da dattijon nan na rediyo. Darakta ya ce dama ya san duniya za ta neme shi, jinkirin da ta yi ne kawai ya ba shi mamaki. Ya sa aka goge masa manyan kaya, ya tara abokan tarayya ya yi musu wasiyya mai tsawo a kan riƙon amana, ya shiga mota. Mama ta biyo shi da gudu tana kiran baban yara, baban yara, tana nuna ƙugunta. Ya ɗaga mata hannu ta taga cikin ƙauna, direba ya ja.

Kada wani ya ce mantuwa ya yi. Darakta ba ya mantuwa. Tun kafin su fita gari ya ji nauyinsu a ƙugu, ya yi tunanin komawa, sai wata zuciyar ta ce masa 'yan kwanaki ne kawai, bari yara su ɗanɗana, su san wane ne ginshiƙi. Ya gyara zama.

Wayarsa ta fara ruri tun yana karɓar ɗaki a otal. Dogo. Likita. Dogo kuma. Mama. Har Shiru, wanda ba a taɓa sanin yana da waya ba. Darakta bai ɗauka ba. A zauren taro yakan ɗaga wayar tana haske ya nuna wa na kusa da shi.

"Ka gani? Matasana ne. Ko ruwa ba sa iya sha sai sun ji ta bakina. Ƙauna ce, ba yadda zan yi da su."

Da aka kira shi kan mumbari, ya taka, makullan suka shiga makirfo kafin muryarsa. Mutane suka yi dariya. Wani zai ji kunya, amma Darakta gwani ne. Ya kwance zoben ya ɗaga sama.

"Ku dube su da kyau! Waɗannan su ne makullan gobe, kuma na matasa ne. Matsalarmu mu dattawa ita ce riƙo. Mun ƙanƙame komai kamar da shi za a binne mu. Ni na ce a'a! Gona mai dorewa ita ce wadda in mai ita ya kau, ba za ta san ya kau ba. Wanda gonarsa ke nemansa kullum, bai gina gona ba, kurkuku ya gina!"

Zaure ya ɗauki tafi. Aka yi hotuna da shi da makullan, wata 'yar jarida ta ce a sake ɗagawa haske bai kama ba. A daidai wannan lokaci, can gida, tanki cike yake da ruwa a bayan akwatin ƙarfe, kaji suna haki baki buɗe, kifaye sun taso saman ruwa suna neman iska. Daɗin tafi ya sa Darakta ya ƙara kwana, don kada ya hana mahalarta damar gaisawa da shi.

Sai wayar ta yi shiru. Da farko ya ce sun gaji. Daga baya ya duba ko caji ne ya ƙare. Ya kashe ya kunna. Ba kira, ba saƙo. A nan ne ya tuna kifi ba ya jin lacca. Ya kama hanyar gida zuciyarsa rabe biyu: rabi na tsoron ya tarar da gawarwakin kaji da ɗansa riƙe da igiyar awon filoti, rabi kuma, Allah ya yafe masa, yana ɗan fatan a samu ɓarna daidai gwargwado, wadda za ta isa a gane darajarsa. A mota ya tsara jawabin yafiya. Zai tsaya a tsakiyar kango, ya girgiza kai, ya ce ba komai 'ya'yana, laifina ne da na yi zaton kun isa. Ya maimaita har direba ya haddace.

Ƙarar injin ruwa ce ta fara tarbarsa, kuma tarin nan ya tafi. Ƙofar gona a buɗe. Shiru yana ba latas ruwa yana 'yar waƙa. Kaji suna tono cikin ƙoshi, har mai ɗingishin tana takawa da ƙafa biyu. Darakta ya bi ƙofa-ƙofa yana duba: ɗakin inji, sito, rumfar dashe, akwatin famfo. Ko'ina sakata ce kawai da ɗan ƙarfe a soke. Ba kwaɗo ko ɗaya.

"Wane ɓarawo ne ya shigo gonata?" ya daka tsawa.

Mama ta fito daga kicin tana goge hannu. "Sannu da zuwa, baban yara. Ni ce ɓarauniyar. Yaran nan sun tsaya suna kallon kaji na faɗuwa wai ka ce amana. Na ɗauko zarton ƙarfe na ba Dogo, na ce in ka dawo ka kore ni. Kaza biyu muka rasa, da ka ɗauki waya da ba mu rasa ba. Ruwan wankanka na nan."

Ya buɗe baki, jawabin yafiya ya leƙo, ya ga ba wurin zama, ya koma. Ya juya wajen tafki don ya samu abin faɗa, sai ya ga an shimfiɗa raga a kansa saboda zalɓe mai satar kifi, kuma a gefen ragar, ko'ina, an ɗaure wani abu mai nauyi don iska kada ta ɗaga ta. Ya matsa kusa. Kwaɗinsa ne na ƙofa, yankakku, suna reto.

"Baba, kai ka koya mana," in ji Dogo cikin ladabi. "Ba a zubar da komai."

Babban ɗansa ma yana nan, Mama ce ta kira shi ranar da abin ya ɓaci, ya zo a fusace da niyyar rufe maganar gona. Ya zauna ya ga yadda ukun suka raba aiki ba tare da kowa ya yi jawabi ba. Yanzu ya fito daga rumfar dashe, takalminsa duk laka, ya durƙusa ya gaida mahaifinsa.

"Baba, na janye maganata. Na ɗauka gonar nan ba ta numfashi sai da kai. Wallahi ko alamar ba ka nan ba a gani ba. Ba wanda zai yanka ta."

Ga shi nan. Abin da Darakta ya rantse zai yi ya tabbata, gona ta tsira, buldoza ta koma inda ta fito. Bai taɓa cin nasara mai ɗaci irin wannan ba. Ya shige ɗaki ya ce tafiya ta gajiyar da shi, ya kwanta da makullansa a ƙugu, suna tokare masa haƙarƙari.

Bayan kwana biyu abokan tarayya suka yi sallama a ƙofarsa, Likita a gaba. "Baba, alfarma muke nema. Makullan nan, in ba damuwa, muna so ka ba mu."

Rai ya dawo wa Darakta. Ashe dai yaran sun san girma! Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, sai ya ce ba a miƙa irin wannan abu a tsaye. Ya sa manyan kayan da ya je taro da su, ya sa aka jera kujeru a tsakar gona, aka kira maƙwabta, ɗansa ya riƙe waya yana ɗauka. Ya yi bayani a kan sadaukarwa, da yadda tun ran farko wannan ne shirinsa, da yadda ya tafi da makullan da gangan don ya gwada su, suka kuma ci jarrabawa saboda sun samu malami. Shiru ya saurara ido buɗe. A ƙarshe ya kwance zoben da hannu biyu ya ɗora a tafin Likita, makullai masu yawa waɗanda ba sauran abin da suke buɗewa a duniya. Har ƙwalla ya yi, kuma ta gaske ce.

Washegari da safe yana zaune da shayinsa, ƙugunsa sakayau, sai ya ji ta bayan garke: kacau-kacau, kacau-kacau. Ya shafa ƙugu. Ya miƙe ya leƙa. Gantali ce ke tafe, kai a sama, zoben makullai na rataye a wuyanta da sabuwar igiya, tana duba shinge kamar mai zagayen aiki. Tun daga ranar ba a ƙara ɓata rabin yini wajen nemanta ba, duk inda ta shiga ana ji.

Maƙwabta ne dai har yanzu ba su saba ba. Da sun ji ƙarar ta bayan shinge sai su ɗaga murya su ce barka da warhaka Darakta. Sun ce ba su ga wani bambanci sosai ba, illa dai yanzu amsar ta fi gajarta.